Da gaske Rashawa ba su taɓa yi wa kowa mulkin mallaka ba?

Abban Sadik:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilmin cikinmu. Tun zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agustan 2024, da yara suka riƙa ɗaga tutar Rasha a Kano da Kaduna har aka kama telolin da suka ɗinka ta, musu bai mutu a layinmu ba. Wasu sun ce Rasha ce kaɗai babbar ƙasar Turawa da ba ta taɓa mallakar kowa ba. Wasu kuma sun ce ai Rashawa 'yan gurguzu ne, ba ruwansu da addini. Ni iyakar sanina Putin da sanyi da makamai. Su wane ne mutanen nan, kuma daga ina suka fito?

Gwarzon Arewa:
Wa alaikumus salam. Ai wannan ba abin dogon Turanci ba ne Abba. Buɗe taswirar Afirka ka nuna min ƙasa ɗaya da ake Rashanci a cikinta. Ingila ta yanka, Faransa ta yanka, Fotugal da Beljiyam da Jamus da Italiya kowa ya ɗebi rabonsa. Rasha ko taku ɗaya ba ta ɗauka ba. Magana ta ƙare.

Ɗan Damagaram:
Haka yake Gwarzo. Mu nan Nijar tun 1960 aka ce an ba mu 'yanci, amma sojan Faransa bai bar mu ba sai ƙarshen 2023. Masu horar da soja na Rasha sun sauka Yamai cikin Afirilun 2024, ban ga wanda ya zubar da hawaye ba.

Malam Sani:
Gwarzo, maganarka ta Afirka tana kan hanya, sai dai akwai ɗan gyara. Rasha ta halarci taron Balin na 1884 zuwa 1885 inda aka tsara rabon Afirka, ta kuma sa hannu. A 1889 ma wani Barashe mai suna Ashinof ya sauka da mutanensa a Sagallo, cikin ƙasar Jibuti ta yanzu, ya kafa tuta. Jiragen ruwan Faransa suka yi musu ruwan wuta, cikin 'yan makonni aka kwashe su. To rashin samu ne ko rashin so, kowa ya yi hukunci.

Amma babban abin dubawa shi ne wannan. Rasha ta kai murabba'in kilomita miliyan 17, wato Nijeriya sau goma sha takwas, agogonta ma kashi 11 ne daga yamma zuwa gabas. Mosko kuwa da aka fara ambatonta a 1147 ƙaramin gari ce a tsakiyar kurmi. Ta yaya ƙaramin gari ya zama wannan? Ba kyauta aka ba shi ba. Ingila da Faransa jirgin ruwa suka hau suka je suka ci ƙasashen mutane, Rasha kuwa maƙwabtanta ta bi da ƙafa da doki tana haɗiyewa, shi ya sa a taswira sai ka ga kamar ƙasa ɗaya ce tun fil'azal.

Asalinsu kuwa Silabawa ne na gabas, dangin mutanen Yukiren da Belarus na kusa, dangin Folan da Sabiya da Bulgeriya na nesa. Tsohon kundin tarihinsu ya ce a 862 aka kira wani Rurik daga mutanen arewacin Turai, yankin Suwidin, ya yi sarauta a Nobgorod, daga baya zuriyarsa ta mai da Kiyef babban birni. Wannan daula ita ake kira Rus. Ka lura, Kiyef fa, babban birnin Yukiren na yau. Rabin rigimar da ake yi yanzu a kan wa ya gaji wannan gida ne.

Ustaz Bala:
Allah ya ƙara basira Malam Sani. Bari in sa baki ta ɓangarenmu, don mutane da yawa ba su san cewa Musulunci ya zama addinin sarauta a cikin iyakar Rasha ta yau tun kafin Rus su karɓi Kiristanci ba. A 921 Halifa Muƙtadir ya tura tawaga daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga, suka isa a 922. Magatakardan tawagar shi ne Ahmad ibn Fadlan, kuma a hanyar nan ya haɗu da fataken Rus ya siffanta su: dogaye kamar dabino, jajaye, kowa da gatarinsa da takobinsa. Ya ga yadda suka ƙone gawar wani babbansu cikin jirgin ruwa tare da kuyangarsa. A lokacin maguzawa ne tuburan. A Darband ta ƙasar Dagestan kuwa akwai masallacin Juma'a da aka gina tun wajen 734, zamanin Banu Umayya, yana nan ana salla a cikinsa.

Shi kuwa sarkin Kiyef, Biladimir, sai 988 ya karɓi Kiristanci irin na Rumawan gabas. Kundin nasu ya ba da labarin cewa ya saurari Musulmin Bulgar, da ya ji babu giya babu naman alade sai ya ce sha ne farin cikin Rus, ba za su iya ba.

Gwarzon Arewa:
Kai! Wato saboda kwalba aka yi asarar ƙasa guda.

Malam Sani:
Kada ka riƙe labarin nan da ƙarfi. Malaman coci ne suka rubuta shi sama da shekara ɗari bayan abin ya faru. Abin da ya tabbata shi ne Biladimir ya auri Anna, ƙanwar sarkin Rum na Santambul, bayan ya taimaka wa sarkin da mayaƙa. Ciniki da siyasa sun fi giya nauyi a lamarin. Kuma wannan zaɓi shi ya raba su da sauran Turawa. Ba su bi Fafaroma ba, ba su ɗauki Latin ba, suka ɗauki addini da rubutu daga Girkawa ta hannun Bulgeriya.

Baba Injiniya:
Yara, tun ɗazu nake karanta ku. Ni gwamnati ta tura ni Tarayyar Sobiyet a ƙarshen shekarun 1970, na yi karatun injiniya a Harkof ta Yukiren. Shekarar farko ba a koya maka komai sai harshe, daga safe har yamma, sai ka iya sannan a bar ka ka shiga aji da 'yan ƙasa.

Haruffansu 33. Abin da ke fara ruɗa ɗan boko shi ne yana ganin harafin da ya sani amma ba sunansa ke nan ba. P a wurinsu ra ce, H na ce, C sa ce, B kuma va. Ka ga an rubuta MOCKBA a tashar jirgi, ashe Moskva ce, sunan Mosko a bakinsu. Wannan mako biyu ya ishe ka. Inda ake zufa shi ne nahawu. Suna yana canza wutsiya gida shida gwargwadon aikinsa a jimla. Garin Moskva ne, in kana cikinsa v Moskve, in za ka je v Moskvu, in daga can kake iz Moskvy. Wanda ya yi Larabci a zaure ya san raf'u da nasbu da jarru bai cika shan wuya ba, mun ga haka a tsakaninmu, 'yan Sudan sun riga mu kamawa. Sannan bayan namiji da mace akwai jinsi na uku, taga da madara da teku duk a can suke.

Abban Sadik, ga abin da zai taimake ka. Su kansu suna da kalma biyu. Ruski shi ne Barashe na ƙabila. Rosiyanin shi ne ɗan ƙasar Rasha ko wace ƙabila ce. Ƙabilun ƙasar sun haura 190, Rashawan asali kusan huɗu ne cikin biyar. In ka haɗa su duka ka kira Rashawa, ba za ka taɓa gane tarihin ba.

Abban Sadik:
Allah ya ƙara girma Baba. To shi Khabib ɗan damben nan da ya riƙa yin sujada in ya ci wasa, wanne ne a ciki?

Baba Injiniya:
Rosiyanin ne, ba Ruski ba. Ɗan ƙabilar Awar ne daga duwatsun Dagestan, suna da harshensu da ko kusa bai yi kama da Rashanci ba. Dubi sunansa ma, Nurmagomedof, Nur Muhammad ne aka sa wa wutsiyar Rashanci.

Nafisa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni yanzu haka a Kazan nake karatun likita, babban birnin Tatarstan. Mai cewa Rashawa ba ruwansu da addini ya zo ya gani. A cikin ganuwar tsohuwar fadar garin akwai masallacin Kul Sharif da aka buɗe a 2005, ga tsohuwar coci a gefensa. Naman halal ba ya wuya, mata masu lulluɓi ba a kallonsu. Tatar sun ɗan haura rabin mutanen jihar, sauran yawanci Rashawa ne, auratayya kuma ta yi yawa a tsakaninsu.

Amma akwai abin da nake gani kullum. Ƙawayena Tatar da yawa suna jin harshensu, sai dai ba sa iya mayarwa sosai. Kaka ta yi magana da Tataranci, jika ta amsa da Rashanci. Tun 2018 aka yi dokar da ta sa koyon harshen gida a makaranta ya zama sai iyaye sun so, alhali jarrabawar shiga jami'a da Rashanci ake yi. Kowa ya san abin da uwa za ta zaɓa wa ɗanta.

Gwarzon Arewa:
To kun ji. Masallaci a cikin fadar gwamnati. A Faransa yarinya ba ta isa ta sa hijabi a makarantar gwamnati ba. Putin da kansa ya buɗe babban masallacin Mosko a 2015. Me kuma ake nema?

Malam Sani:
Nafisa, tambayi ƙawayenki wane ne Kul Sharif ɗin da aka sa wa masallacin sunansa. Limamin Kazan ne, an kashe shi da ɗalibansa a 1552 ranar da sarkin Mosko Iban na Huɗu ya ci garin da yaƙi. Kazan daular Musulmi ce mai sarkinta. Aka rushe masallatanta, aka fitar da Tatar bayan ganuwa. Cocin nan mai hasumiyoyi kala-kala da ake nunawa a talabijin duk lokacin da aka ambaci Mosko, don murnar cin Kazan aka gina ta. Bayan shekara huɗu, a 1556, aka ci Astarakan. Daga nan aka tsallaka duwatsun Ural, kafin 1640 sun isa bakin tekun Fasifik, suna karɓar harajin fatun dabbobi daga ƙabilun Saiberiya. Har Alaska suka kai, sai a 1867 suka sayar wa Amurka a kan dala miliyan 7.2.

Sai dai in za a yi adalci, Rashawa ma an taka su kafin su taka wani. Mangolawa ƙarƙashin Batu, jikan Jengis Han, sun ƙone garuruwansu daga 1237, suka rusa Kiyef a 1240. Shekara kusan 240 sarakunan Rus suna kai gaisuwa da haraji ga hanonin Bolga, wato sarakunan Mangolawan, waɗanda daga baya suka musulunta. Mosko ma da tara wa Han haraji ta yi ƙiba har ta fi 'yan'uwanta, sai a 1480 ta daina biya. Kalmomin kuɗi da kwastan a Rashanci har gobe daga harsunan Turkawan nan suke.

Ustaz Bala:
Ɗaya daga hanonin nan, Barka Han, shi ne ya musulunta ya kuma yaƙi ɗan'uwansa Hulaku bayan Hulaku ya rusa Bagadaza a 1258. Allah ya saka masa.

Gwarzo, kai da kake son mazaje, ka san Imam Shamil? Shehin Naƙshabandiyya ne, shi ma Ba'aware kamar Khabib ɗinku. Daga 1834 zuwa 1859 yana yaƙar sojan sarkin Rasha a duwatsun Dagestan da Ceceniya, shekara 25 cur, da kafa shari'a da alƙalai da baitulmali. Da aka kewaye shi a Gunib ya miƙa wuya, aka tsare shi a Rasha, daga baya aka bar shi ya tafi hajji, ya rasu a Madina a 1871. In Rasha ba ta mallaki kowa ba, wa Shamil yake yaƙa? A 1864 aka kori Sarkasawa, wata ƙabilar Musulmi ta yankin duwatsun nan, daga ƙasarsu, dubban ɗaruruwa suka tsallaka zuwa daular Usmaniyya, da yawa suka mutu a hanya, jikokinsu suna Turkiyya da Jodan da Siriya. Tashkan ta faɗi a 1865, Samarƙandi a 1868, inda kabarin Imamul Buhari yake a kusa. Sarkin Buhara aka bar shi a gadonsa amma linzami na hannun Rasha. Mu da muka san Lugga da En'e ai ba sai an fassara mana wannan ba.

Ɗan Damagaram:
Allah gafarta Malam, duk na ji. Amma wannan tsakaninsu ne da maƙwabtansu. Ni ba su kashe kakana ba. Wanda ya ƙone ƙauyukanmu a 1899 har ya yi ɓarna a Birnin Konni, Bafaranshe ne. Kowa da wanda ya cuce shi.

Ustaz Bala:
Ban hana ka fushi da Faransa ba ɗan'uwa, ta cancanta. Abin da nake tsoro kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Gwarzon Arewa:
Ustaz kullum sai ka kawo tsoro. Wa ya ba Najeriya jiragen yaƙi lokacin yaƙin basasa da Turawan yamma suke jan ƙafa? Wa ya zo gina Ajakuta? Wa ya ba 'yan gwagwarmayar Angola da Mozambik da Afirka ta Kudu makamai lokacin da Amurka da Ingila ke lallashin gwamnatin wariyar launin fata?

Malam Sani:
Duk ukun gaskiya ne, ba mai musu. Ka ƙara da jami'ar da suka buɗe a Mosko a 1960 suka sa mata sunan Lumumba, da dubban 'yan Afirka da suka yi karatu kyauta irin su Baba. Sai dai Tarayyar Sobiyet ce ta yi, jamhuriya 15 ce a ciki, har da Yukiren. Kuma gwamnatin da ke taimakon Angola ita ce a Fabrairun 1944 ta loda Cecenawa da Ingush kaf a taragon dabbobi ta zubar da su a Kazakistan da Kirgizistan, a watan Mayu ta yi wa Tatar na Kirimiya haka. Duka biyun sun faru.

Na Kuseri:
Salamu alaikum, ku ba ɗan Kamaru hanya. Kuna ta maganar nesa, alhali mu Rashawa surukanmu ne, ko in ce jikokinmu. Babban mawaƙinsu Pushkin, wanda suke cewa shi ya gina Rashancin zamani, kakan mahaifiyarsa baƙar fata ne. An sace shi yana yaro aka kai Santambul, daga can aka kai wa sarki Bitrus Babba a farkon shekarun 1700. Sarkin ya yi masa uban baftisma, ya tura shi Faransa ya koyi injiniyan soja, ya dawo har ya zama janar. Sunansa Abram Gannibal, ya rasu a 1781. A wata takarda da ya rubuta wa sarauniya Elizabet a 1742 ya ce garinsu Lagon, ubansa kuma sarki ne. An daɗe ana cewa Habasha ce, sai a shekarun 1990 wani masanin tarihi ɗan Binin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujja cewa Logon Birni ce, ta Kotoko, nan kudu da mu a bakin kogin Logon. Habashawa da Eritiriyawa ba su sallama ba, mu ma ba mu sallama ba.

Abban Sadik:
Ikon Allah! Wato bawa ya zama janar, tattaɓa-kunnensa ya zama uban harshe. Amma Baba, me ake nufi da mutum ɗaya ya gina harshe? Kafin shi da me suke magana?

Baba Injiniya:
Da Rashanci suke magana, rubutun ne matsala. Harshen littafi na coci ne, tsohon Silabanci, wanda manomi yake ji sama-sama. Manyan gari kuma, bayan Bitrus ya juya fuskar ƙasar zuwa Turai, ya gina Fitasbag a 1703, ya sa wa gemu haraji, sai suka koma Faransanci. Ɗan Damagaram ka ji, su ma sun sha wannan. Akwai 'ya'yan fadawa da Faransanci ya fi zama a bakinsu fiye da harshen uwarsu, da Rashanci sai dai su ba bara umarni. Pushkin ma da Faransanci ya fara waƙa yana yaro. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko maganar kasuwa da tatsuniyoyin da mai renonsa take yi masa, ya haɗa da na littafi, ya fitar da harshen da malami da direba duk za su karanta su ji nasu ne. An haife shi 1799, ya mutu 1837 sanadin harbin da aka yi masa a fito-na-fito kan maganar matarsa, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu. Bai kai arba'in ba. A zamaninmu ko mai shara ka tare zai karanto maka baitocinsa da ka.

Kuma ina so ku sani, talakan Rasha bai ci ribar daular nan ba. Har 1861 manoma miliyoyi mallakar masu gona ne, ana sayar da su, ana cacarsu a karta. Farare ne, Kiristoci, 'yan ƙabila ɗaya da iyayen gijinsu. Ƙidayar 1897 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ya iya karatu. Bayan juyin 1917 'yan gurguzu suka yi yaƙi da jahilci na gaske, wannan ba a ƙwace musu ba. Amma Stalin, wanda shi ba ma Barashe ba ne, ɗan Jojiya ne, a 1937 da 1938 kawai an harbe mutum wajen dubu 680 a ƙarƙashinsa. An rufe dubban masallatai, an kuma tarwatsa babbar cocin Mosko da nakiya a 1931. Sai yaƙin Hitila ya zo ya ci mutum miliyan 27 na Tarayyar. Leningirad, wato Fitasbag, kwana 872 tana kewaye, mutane suna mutuwa da yunwa a titi. Matar da take kula da ɗakunan kwananmu ta rasa miji da 'yan'uwa maza duka a yaƙin. Irin waɗannan tsofaffin mata su suka riƙa cusa mana dankali da kabeji a jaka suna faɗan ba mu sa hula ba. Barashe ba ya yi wa baƙo murmushi a titi, sai ka ce fushi yake, amma in ya shigar da kai kicin ɗinsa ya ɗora shayi, sai ka yi da gaske za ka fita.

Nafisa:
Wallahi Baba har yanzu haka suke, faɗan hula bai canza ba. Amma kada in ɓoye, akwai wariya. Na taɓa kiran lambar gidan haya, muka gama magana lafiya, da na je mai gidan ta gan ni sai ta ce an riga an kama. A tallan haya ma wasu sukan rubuta Silabawa kawai, kuma ba mu kaɗai suke nufi ba, har 'yan Tajikistan da Uzbekistan da ma Cecenawa 'yan ƙasarsu.

Ustaz Bala:
Nafisa, 'yata, Tatar ɗin da wane rubutu suke rubuta harshensu yanzu?

Nafisa:
Da haruffan Rasha, Malam, an ƙara musu guda shida. A gidan tarihi da kan tsofaffin kaburbura ne ake ganin na Larabci.

Ustaz Bala:
To ka ji inda nake so a zo. Shekaru ɗaruruwa da ajami suke rubutu. Kazan gari ne na malamai da maɗaba'a, Alƙur'anin da aka riƙa bugawa a can tun farkon shekarun 1800 ya zaga ƙasashen Musulmi na Asiya. A ƙarshen shekarun 1920 gwamnati ta mai da su haruffan Latin, a 1939 ta sake mai da su na Rasha. Cikin shekara goma sha biyu an canza wa al'umma rubutu sau biyu, jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa. Da Tatarstan ta yi doka a 1999 za ta koma Latin, Mosko ta yi tata dokar a 2002 ta ce harsunan hukuma na jamhuriyoyin ƙasar sai da haruffan Rasha. Mu da aka ture mana ajami aka kawo boko, in ba mu gane wannan ba wa zai gane?

Malam Sani:
Don cika tarihi Ustaz, ba kullum ake dukan ba. Sarauniya Katarina ta je Kazan a 1767 ta ba da izinin gina masallacin dutse, a 1788 ta kafa majalisar malamai a ƙarƙashin mufti, mazauninta Ufa. Dabara ce irin ta masu mulki, a jawo malamai kusa a sa musu albashi, amma ta ba Tatar sarari sun yi kasuwanci da ilmi. 'Yan gurguzun farko ma sun ƙirƙira wa ƙananan ƙabilu da yawa haruffa, sun buga littattafai da harsunansu, kafin Stalin ya juya. Yukiren ta ga irin wannan ja da saki: a 1863 da 1876 an hana buga yawancin littattafai da harshenta, a shekarun 1920 aka ƙarfafa shi, a 1930 da 'yan kai aka kama marubutan.

Gwarzon Arewa:
Malam ka zagayo ka kawo mu Yukiren. Ai NATO ce ta jawo, kowa ya sani. In maƙwabcinka ya kira 'yan daba su kwana a zaurensa suna leƙen gidanka, za ka zuba ido?

Baba Injiniya:
Yaro, Harkof da na zauna, daga can zuwa iyakar Rasha bai fi tafiyar kilomita 40 ba, kuma Rashanci ake yi a titunanta. A can na koyi harshen. Tun Fabrairun 2022 bama-bamai ke sauka a kanta. Waɗanda ke mutuwa a ciki da harshen Pushkin suke kiran 'ya'yansu. Kai kana da bakin yanke hukunci daga nan, ni ba ni da shi.

Admin:
Jama'a, maganar yaƙin Yukiren tana da nata zaren, a kai ta can. Gwarzo, Baba sa'an kakanka ne, a riƙa tauna magana. A ci gaba da tarihi da harshe.

Gwarzon Arewa:
Tuba nake Baba, ban yi da raini ba. Amma ina nan kan bakata, a Afirka hannunsu ya fi na Faransa tsabta.

Malam Sani:
In ka tsaya a Afirka kafin 1991, ba zan ja da kai sosai ba. Abin da sojojin hayarsu suka yi a Mali da Afirka ta Tsakiya daga baya, wannan ma zarensa daban. Kalmar "kowa" ce a tambayar Abban Sadik ba ta tsaya ba.

Wani abu da ya kamata zauren nan ya sani: sun san mu fiye da yadda muka san su. Rediyon Mosko ya yi shekaru yana watsa shiri da Hausa. A Leningirad akwai farfesa Olderogge da ya kafa karatun harsunan Afirka, a 1963 aka buga ƙamus na Hausa da Rashanci ƙarƙashin kulawarsa. Har yau ana koyar da Hausa a jami'o'in Mosko da Fitasbag. Mu kuwa a nan mutum nawa ne za su iya karanta jaridar Rasha su gaya mana abin da ake faɗa a kanmu?

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in katse ku. Ɗana ne ya dage sai Rasha zai je karatun likita, babansa ya ce sai an bincika. Nafisa, tsakaninki da Allah, yaro zai iya riƙe salla da azumi a can? Kuma dole ne sai ya koyi yaren?

Nafisa:
Zai iya Mama, musamman in Kazan ce ko Ufa ko Mosko. Abin da zai ba shi mamaki lokaci ne. A watan Yuni rana takan haura awa 17 ba ta faɗi ba, shafaƙi ma ba ya gama ɓacewa kafin alfijir ya keto. A Disamba kuma wunin bai fi awa 7 ba, kana fitowa daga aji an yi magariba. Masallatai suna fitar da jadawali, shi muke bi. Ya tanadi rigar sanyi ta gaske a can, kada ya saya daga gida, ta gida ba ta yin komai.

Yare kuwa dole ne. Ko da an ce kwas ɗin da Turanci ne, daga shekara ta uku za a kai shi asibiti, tsohuwar da ke kwance a gado ba ta jin Turanci ko kalma ɗaya. Kuma Mama, ku bi ta hanyar jami'ar kai tsaye ko tallafin gwamnati, ku ga takardar shiga da idonku. Duk dillalin da ya ce akwai aiki mai albashin dala yana jiran yaro, ku guje shi, an kai samarin Afirka da irin wannan alkawari sun tsinci kansu a fagen daga.

Ustaz Bala:
Matsalar lisha da ta ambata tsohuwa ce Hajiya. Ibn Fadlan ya tarar da ita a 922, ya ga gajartar daren har ya yi mamaki. Malaman yankin sun daɗe suna saɓani ko lisha ta faɗi a kan wanda shafaƙi bai ɓace masa ba, har babban malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya yi littafi sukutum a ƙarni na 19 yana tabbatar da cewa tana nan wajibi, a ƙaddara mata lokaci. Yaro ya bi limamin garin, ya wadatar.

Baba Injiniya:
Hajiya, ki ƙara masa da wannan. Malami a can ba a kiransa da sunansa tsura, ba a kuma ce masa "sir". Sunansa za ka haɗa da na ubansa, Iban ɗan Bitrus ya zama Iban Fetirobic, mace kuma Fetirobna. Ranar farko ya rubuta na kowane malami a bayan littafinsa ya haddace kafin ya shiga jarrabawar baka, don yawancin jarrabawarsu ta baka ce, kai da malami ido da ido.